"An Taɓa Yi Maka Hoto? Ina Yake?"

Mutanen Rijiyar Zaki, a ƙaramar hukumar Ungogo, ba su da nisa da manyan asibitocin Kano. Wanda ya karye akan nufi Asibitin Ƙashi na Dala da shi, mai tarin da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa a kai shi Asibitin Murtala, in ciwo ya yi tsanani a tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Duk inda aka je likita kan tambayi hoton da aka ɗauka a baya, kuma sau da yawa amsar ita ce an baro shi a gida, ko ruwa ya ɓata shi, ko ya ɓace.

Wannan asara ce babba, domin likita da kwatance yake aiki. Tabo a huhu, in shekara biyu ta wuce girmansa bai canja ba, hankali kan kwanta. In ya ƙaru, sai a tashi tsaye. Ƙashin da aka ɗora, sai an jera hoton farko da na yanzu ake sanin ko yana haɗewa daidai. Mai juna biyu kuwa, sikanin da aka yi mata a watanni ukun farko shi ya fi nuna ainihin kwanakin cikin. In tsohon hoto ya salwanta, dole a sake biyan kuɗi, a sake bin layi, jiki kuma ya sake shan hasken na'ura. Hasken da ke cikin hoton CT na ƙirji guda ɗaya ya ninka na hoton ƙirji na yau da kullum sau gommai.

Bayan da Wilhelm Röntgen ya gano wannan haske a Jamus a 1895, an daɗe ana fitar da hoto a kan fim. Fim kuwa ba ya shiri da zafi da danshi, ba ya son a naɗe shi. Na'urorin zamani a kwamfuta suke fitar da nasu. A 1993 aka tsayar da ƙa'idar DICOM, wadda ta sa hoton da na'urar wani kamfani ta ɗauka yake buɗuwa a ta wani, ɗauke da sunan majinyaci da ranar ɗauka. Ana tara hotunan a ma'adanar da ake kira PACS, wadda aikinta kamar na rumbu ne: a zuba yau, a ɗiba ranar buƙata. Tana buƙatar wutar da ba ta yankewa, da kwafi na biyu a wani wuri dabam, da fili mai yawa, tunda CT ɗaya kan fitar da ɗaruruwan hotuna.

Sai dai ma'adana a asibiti ɗaya ba ta wadatar ba. Dala da Malam Aminu Kano na gwamnatin tarayya ne, Murtala na jiha, ga kuma ɗakunan hoto masu zaman kansu, kowa da lambar katinsa. Sunaye suna maimaituwa, dattawa da yawa ba su riƙe ranar haihuwarsu ba. Sai an sami lamba ɗaya da ke bin mutum duk asibitin da ya shiga kafin hotonsa ya iya binsa ba tare da an haɗa shi da na wani ba.

Rashin wannan ne ya sa ake ɗaga fim a jikin taga a ɗauka da waya a aika ta WhatsApp. Niyyar alheri ce, amma ƙananan alamu kan dushe, sirrin majinyaci kuma ya shiga hannun da bai kamata ba, alhali Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun wajabta tsare shi.

Hakki ne a wuyan hukumomin lafiya na jiha da na tarayya su haɗa ma'adanunsu. Kafin nan, kowane gida ya tsare nasa: a bar fim cikin ambulan ɗinsa a shimfiɗe, nesa da rana da ruwa, a nemi faifan hoton da rahoton likita, a rubuta rana da sunan asibiti, a tafi da su duk lokacin da za a ga likita.