Gajere Ba Yaro Ba Ne: Labarin Muggsy Bogues

Duk wanda ya taɓa kallon wasan ƙwallon kwando ya san wasa ne na dogaye, gama kwandon da ake jefa ƙwallo a ciki tsayinsa ƙafa 10 ne daga ƙasa. Amma a ƙasar Amurka an yi wani ɗan wasa, Tyrone Bogues, wanda aka fi sani da Muggsy, mai tsawon ƙafa 5 da inci 3 kacal, ya kuwa shekara 14 yana wasa a babbar gasar ƙasar, watau NBA. Har yau ba a taɓa samun wanda ya kai shi gajarta a wannan gasa ba.

An haife shi ran 9 ga watan Janairu na 1965 a birnin Baltimore, cikin wata unguwa ta talakawa inda rigima ba ta yankewa. Yana ɗan shekara 5 harsashi ya same shi ba da nufi ba, har aka kwantar da shi asibiti. Yana ɗan shekara 12 aka ɗaure mahaifinsa, ya rage sai mahaifiyarsa ke ɗawainiyar gida. A filin unguwa kuwa yara ba su da abin yi sai yi masa ba'a saboda ƙanƙantarsa.

To, yaya aka yi ya tsere wa tsara? Aikinsa a fili shi ne na mai shirya wasa, wanda ke ɗauko ƙwallo daga baya ya rarraba wa abokansa. Dokar wasan kuwa ta hana mutum gudu da ƙwallo a hannu, tilas ya riƙa buga ta da ƙasa tana dawo masa. Bogues ya lura cewa a wannan ɗan lokaci ƙwallon ta fi kusa da shi bisa ga kowa. Dogo na kawo ta, sai ya kutsa ƙarƙashinsa ya fizge, kafin a waiwaya ya kai ɗaya gefen. In kuwa tana hannunsa, ƙasa-ƙasa yake buga ta, dogo ba ya iya sunkuyawa ya ƙwace.

Da wannan dabara ya yi fice a makarantar sakandare ta Dunbar, wadda ta yi shekara biyu ba a cinye ta ko sau ɗaya ba, sa'an nan a Jami'ar Wake Forest. A 1986 yana cikin 'yan wasan Amurka da suka ci kofin duniya a ƙasar Sifen, bayan sun doke Tarayyar Sobiyet da 87 da 85.

A 1987 ƙungiyar Washington Bullets ta ɗauke shi. Nan ya haɗu da Manute Bol, mutumin Sudan mai ƙafa 7 da inci 7, masu hoto suka yi ta jera su ana dariya. Shi kam abin da ke gabansa daban ne. Da kuɗin da ya fara samu ya saya wa mahaifiyarsa gida, ya kuma ɗauki lauya don neman a saki mahaifinsa.

Bayan shekara guda aka mai da shi sabuwar ƙungiyar Charlotte Hornets, inda ya zauna har 1997. A kakar wasa ta 1993 zuwa 1994, kusan kowane wasa yakan ci maki 10, ya kuma miƙa wa abokansa ƙwallo 10 da suka jefa ta shiga. A 1993 ma ya taɓa tare ƙwallon da Patrick Ewing, mai ƙafa 7, ya ɗaga zai jefa. Daga Charlotte ya koma Golden State, ya ƙare a Toronto cikin 2001. Jimillar ƙwallon da ya miƙa aka ci ta kai 6,726, waɗanda ya ƙwace kuwa 1,369.

Masu horar da yara a makarantunmu sukan fara da auna tsawo, su sallami gajere tun bai taɓa ƙwallo ba. Da haka aka yi wa Bogues a Baltimore, da ba wanda ya ji sunansa. Ya kamata a bar yaro ya shiga fili tukuna, a ga abin da zai yi.