Raƙuman Dawa, Baƙi Da Manoman Kure

A kan hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Dosso, a Jamhuriyar Nijar, akwai wani gari wai shi Kure. Tsakaninsa da Yamai kilomita 60 ne, watau wajen mil 37. Yawancin mutanen wurin Zabarmawa ne manoman gero da wake, sai Fulani makiyaya. Abin da ya fid da sunan garin a duniya kuwa shi ne raƙuman dawa, waɗanda ke kiwo a sake cikin gonaki, ba shinge, ba waya.

A zamanin da, irin wannan raƙumin dawa na Afirka ta Yamma yana bazu tun daga Senegal har bakin Tafkin Chadi. Farauta da saran daji da farin da aka yi a 1973 da 1984 suka taru suka kusa ƙare shi. Da aka yi ƙirga a 1996, guda 49 kaɗai aka samu, dukansu a kewayen Kure. Hukuma ta tsananta doka, ta ce wanda duk ya kashe ɗaya sai kurkuku. A hankali suka riƙa ƙaruwa, ko da yake macen tana ɗaukar ciki har wata 15, ta haifi ɗa guda. Zuwa 2018 sun haura 600. Masu ƙirga kan ɗauki hoton kowane ɗaya, don kuwa zanen jikinsu bai taɓa zama iri ɗaya ba.

Da damina sukan hau tudun Kure inda daji ya yi ganye. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Bosso, su yi ta cin ganyen gawo da aduwa. To, nan ne maganar ta shafi manomi. Raƙumin dawa bai damu da gero ba, amma ya san daɗin wake da mangwaro. Dabbar da tsawonta ya kai ƙafa 16, abin da aka ɗora bisa reshe don gudun akuya, ita a bakinta aka ajiye shi. Mutum ya yi noma, ya yi maimai, ya wayi gari ya ga an aske masa wake, ga shi kuwa doka ta hana shi ɗaukar baka. Wannan ba ƙaramin haƙuri ba ne.

Abin da ya sanyaya zukata shi ne zuwan baƙi masu yawon buɗe ido. Tsarin kuwa mai sauƙi ne. Baƙo ya tsaya a bakin hanya, ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da ɗan jagora ɗan ƙasar, wanda ya san inda dabbobin suka kwana. 'Yan jagoran suna da ƙungiyarsu. Ta haka kuɗin baƙo yakan shiga aljihun ɗan ƙauye, ba na wani a birni kaɗai ba. Ban da wannan, akwai ƙungiyar kare raƙuman dawa ta Nijar, ASGN, wadda wani gidan namun daji na garin Doué-la-Fontaine a Faransa ya daɗe yana taimaka wa. Ta haƙa rijiyoyi, ta ba mata ƙananan rance don kiwo da sana'a. Manufarta ita ce wanda aka ci wa wake ya ga ladan haƙurinsa da idonsa.

Amma fa ba kowa ya sha romon ba. Ɗan jagora yana bakin titi, mai gonar da aka yi wa ɓarna kuwa yana can cikin daji, wataƙila bai taɓa ganin ko dala ta baƙo ba. Ga kuma masu saran itace suna ɗiba zuwa Yamai, gonaki suna ta cin daji. Kowane icen da ya faɗi, abincin raƙumin dawa ne ya ragu, wannan kuwa shi ke ƙara tura shi cikin gona. Saboda cunkoso da gudun kada annoba ta share su a wuri ɗaya, a 2018 aka ɗebi guda 8 cikin mota aka kai su dajin Gadabeji a ƙasar Dakwaro, jihar Maraɗi, inda irinsu suka ɓace kusan shekara 50 kafin nan.

Ran 9 ga Agusta 2020 ba za a manta da ita ba a Kure. A ranar ce 'yan bindiga bisa babura suka kashe mutum 8 da suka je kallon dabbobin: Faransawa 6 ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban 'yan jagora. Nan da nan baƙi suka ɗauke ƙafa. Masu magana sun ce baƙo raɓa ne. Kuɗin kallo ya yanke, raƙuman dawa kuwa ba su bar cin wake ba. Abin da ya tsaya wa mutane shi ne rijiya da tumaki da sana'ar da aka kafa tun lokacin da ake samu.

Akwai abin koyi a nan ga duk garin da Allah ya ba abin da baƙi ke sha'awa, ko daji ne kamar Yankari ta Bauchi, inda giwaye kan shiga gonakin makwabta, ko kuwa kogi, ko tsohuwar ganuwa. Na fari, a san ko nawa ke shigowa, magatakarda ya rubuta, a karanta a gaban jama'a. Na biyu, wanda ɓarna ta faɗa wa shi ya kamata a fara tunawa da shi wajen rabo. Na uku, 'yan jagora su zama 'yan gari, su hana mota ratsa shuka, su hana ɗaukar hoton mutum sai da yardarsa. Na huɗu, 'yan kasuwa su sayi tabarma da faifai da ƙwarya daga hannun masu yinsu a kan farashin kirki. Na biyar, kada manomi ya jingine fartanya don ya ga motar baƙi. Abin da ya samu ya sa shi cikin rijiya, da lambu, da rumbu.

Daga ƙarshe, a bar gawo ya girma a gona, kamar yadda manoman Maraɗi da Damagaram suka yi har ƙasarsu ta farfaɗo. Gawo yana zub da ganye da damina, ba ya tsare wa gero rana, yana kuma ƙara wa ƙasa taki. Da rani kuwa ya ciyad da awaki da raƙumin dawa gaba ɗaya. Ko baƙo ya zo, ko bai zo ba, mai gona bai yi hasara ba.