Jiƙon Taki: Kiyaye Halittun da ke Cikinsa Lokacin Feshi

Manoman Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa sun saba da takin zamani tun zamanin Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka yi da tallafin Bankin Duniya daga 1975 zuwa 1980. Amma tun da farashinsa ya yi tashin gwauron zabo a 2022, sakamakon yaƙin Rasha da Yukiren, hankali ya sake komawa ga takin gida. Shi kuma bai wadata ba, domin satar shanu ta kori garkuna da dama daga yankin. Saboda haka ɗan abin da manomi ya tara ya cancanci tattali, kuma ɗaya daga cikin hanyoyin tattalin shi ne jiƙon taki.

Jiƙon taki shi ne ruwan da aka jiƙa ruɓaɓɓen taki a ciki, ana motsa shi a kai a kai na kwana ɗaya zuwa biyu, sa'an nan a tace a fesa wa shuka. Amfaninsa bai tsaya ga abincin shuka da ya narke a ruwan ba. Masana sun ƙiyasta cewa ƙaramin cokali guda na lafiyayyar ƙasa yana ɗauke da ƙwayoyin bakteriya miliyan 100 zuwa biliyan 1. Irin waɗannan halittu, da ido ba ya iya gani, su ke ruɓar da ganye da kara su mai da su abincin shuka, wasunsu kuma suna hana masu jawo cuta sakewa. Watau jiƙon abu ne mai rai, mai rai kuwa yana mutuwa.

Abu na farko da ke kashe su shi ne injin feshin kansa. Yawancin manoma injin goyo ɗaya gare su, mai cin lita 16 ko 20, da shi ake feshin maganin ciyawa a masara da na ƙwari a auduga, har a ba maƙwabci aro. Ragowar magani, musamman na cututtukan ganye, kan maƙale a tanki da tiyo. Abin da ya fi shi ne a ware wa jiƙo injinsa. In babu hali, a wanke da sabulu, a ɗauraye sau uku. Kada kuma a gauraya jiƙo da magani don rage wahala, gudun kada garin neman gira a rasa ido.

Na biyu ruwa. Ruwan sama da na rijiya sun fi dacewa. Na famfo kuwa, wanda ake sa wa sinadarin kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, sai a bar shi a buɗe ya kwana.

Na uku iska. Halittun nan numfashi suke yi, don haka da an daina motsa jiƙon ya kamata a fesa shi cikin 'yan sa'o'i. Jiƙo mai kyau ƙanshin ƙasa yake yi, kamar na ruwan farko. Wanda ya yi ɗoyi ya lalace, sai a mai da shi juji.

Na huɗu rana. Haskenta da zafinta suna hallaka su a kan ganye, saboda haka a yi feshi da sassafe ko bayan la'asar, a kuma bi ta ƙarƙashin ganyen inda akwai inuwa. A tace da ƙyalle mai sharara, a sa bakin feshi mai faɗi, a riƙa bugawa a hankali.

Akwai kuma kashedi. Ɗanyen kashin dabbobi yana iya ɗaukar ƙwayoyin da ke sa gudawa da amai, don haka takin da ya ruɓe sarai kaɗai ake jiƙawa, kuma ba a fesa wa latas ko tumatir dab da girbi. Har wa yau, gwaje-gwajen masana sun saɓa game da ƙarfin jiƙon wajen hana cuta: wani wuri ya yi, wani wuri bai yi ba. Taimako ne ga takin da aka zuba a gona, ba madadinsa ba.

A taƙaice, wanda ya ɗauki jiƙon taki tamkar maganin kanti, ya zuba a injin da ya sha guba, ya fita da tsakar rana, ruwan laka kawai ya fesa. Wanda kuwa ya riƙe shi riƙon dabbar kiwo, ya ba shi ruwa mai kyau da iska da inuwa, shi ne wahalarsa ba ta tafi a banza ba.