Me ya hana jijiyar ido tsirowa? Abin da tsutsa da ɓera suka nuna wa masana

Kogin Vina da ke ratsa ƙasar Tuboro yana ba mu kifi da ruwan lambu, amma shi ne kuma mazaunin wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Cizonsa ne ke sa wa mutum tsutsar da ke kawo makantar kogi. Uwar tsutsar takan yi fiye da shekara goma cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, 'ya'yanta kuwa su bazu a jiki har su kai ido. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta, kuma kwarin Vina yana cikin wuraren farko a Kamaru da aka raba shi ƙauye-ƙauye. Sabbin makafi sun ragu ƙwarai. To amma dattawan da cutar ta riga ta cinye wa jijiyar ido, har yau jikoki ke riƙe musu sanda.

A ajina, in muka zo darasin jikin ɗan Adam, ba a rasa yaron da zai ɗaga hannu: "Malam, fata tana haɗewa, ƙashi yana ɗoruwa, me ya hana ido dawowa?"

Amsar tana wajen jijiya. Ba ta jini nake nufi ba, ta saƙo, wadda ke kai ji da gani zuwa ƙwaƙwalwa, ta dawo da umarnin motsi. Iri biyu ce. Ta hannu da ƙafa, in ta tsinke aka ɗinke ta, tana sake tsirowa kamar milimita ɗaya a rana, wato santimita uku a wata. Shi ya sa wanda adda ta sara a wuyan hannu yakan jira watanni kafin ji ya dawo yatsunsa. Ta ƙwaƙwalwa da laka da ido kuwa, in ta tsinke a jikin baligi, shi ke nan.

Tsufa ma yana da nasa hannu. Ko jijiyar hannu, ta saurayi ta fi ta dattijo saurin tsirowa. Da ana ɗauka lalacewa ce kawai irin ta tsohuwar igiya. Yanzu an gano akwai ƙwayoyin gado da ke riƙe da linzamin abin.

Wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita ɗaya, mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal, ita ta fara tona asirin. A 1993 Cynthia Kenyon a Amurka ta nuna cewa in aka raunana ƙwayar gado guda, mai suna daf-2, tsutsar tana ninka kwanakinta. A 2014 masana a Jami'ar Yale suka gano cewa ita dai wannan ƙwayar ce ke taka wa jijiya birki a tsufa: da aka raunana ta, tsofaffin tsutsotsi suka ci gaba da tsirar da jijiyar da aka yanke.

Sai batun ido. A 2008 Zhigang He da abokan aikinsa a Boston suka cire ƙwayar gado mai suna PTEN daga idon ɓeraye, jijiyar da aka murƙushe ta sake miƙewa. A 2020 ɗakin binciken David Sinclair na Harvard ya sa wa idon ɓeraye uku daga cikin ƙwayoyin gado huɗu da Shinya Yamanaka na Japan ya nuna a 2006 suna mayar da tsohuwar ƙwayar jiki ɗanya. Jijiya ta tsiro, ɓerayen da ke da hawan jinin ido da tsofaffi suka sami ƙarin gani.

Kafin mu yi guɗa, a lura da abu biyu. Na farko, ɓera ba mutum ba ne, kuma jijiyar da ta shekara ashirin a mace ba ɗaya take da wadda aka murƙushe jiya ba. Na biyu, birkin nan ba banza aka yi shi ba. PTEN tana cikin masu tsare jiki daga ciwon daji, kuma tsoron dajin ne ya sa aka ajiye ta huɗun ƙwayoyin Yamanaka. Don haka duk wanda ya zo kasuwa da kwalba yana cewa zai buɗe idon Baba, ku riƙe kuɗin audugarku.

Abin da ke hannunmu yau shi ne tsare jijiyar da ke da rai. In masu rabon Mectizan suka zo, a fito a auna tsayi a sha, ko da ba a jin ƙaiƙayi, domin maganin 'ya'yan tsutsar yake kashewa, uwar tana nan. Wanda ya haura arba'in ya sa a auna masa ƙarfin ido in ya sami shiga Garwa ko Ngaundere, don hawan jinin ido ba ya sallama. Mai ciwon suga da ke jin tafin ƙafarsa kamar ba nasa ba, da wanda ya ga wani tabo a fata da ba ya jin taɓawa, kada su jira sai an gama girbi. Wanda kuma ya faɗi daga babur yana kukan wuya ko baya, a ɗauke shi a kan katako a miƙe, kada a naɗe shi a bayan wani babur ɗin.