Idan babban gawo ya faɗi a gona: wa za a fara tambaya, ta ina za a fara sara?

A Dogo-Dogo da ƙauyukan kewaye, kusan kowace damina, in hadari ya zo da iska, sai an wayi gari wani tsohon itace yana kwance a gona. Galibi gawo ne, wanda yawan sassaka rassa don dabbobi ya bar masa kogo. Kafin hantsi kuwa an taru, kowa da gatarinsa. To, a nan ne muke cewa a dakata.

Itacen da ya faɗi ba tsintuwa ba ne. A al'ada na mai gona ne, kuma idan gonar aro ce ko jingina, mai asalin gona ake fara sanarwa. Idan ta gado ce da ba a raba ba, a kira 'yan uwan da ke nesa a waya kafin a taɓa, domin mun sha ganin zumunci ya yi tsami a kan amalanke biyu na icce. Wanda ya faɗo daga kan iyaka, a kai maganar wurin mai gari ko kwamitin filaye na ƙauye, wato Cofob.

Sai ma'aikatan gandun daji. Gawo yana cikin itatuwan da hukuma ta kare, kuma dokar daji ta 8 ga Yunin 2004 ita ake aiki da ita. Ɗibar busasshen icce don girkin gida hakki ne da doka ta amince da shi, amma lodin sayarwa yana buƙatar takarda. Dokar 30 ga Yulin 2020 ta ƙara wa manomi ƙarfi a kan itatuwan da ya raina da kansa a gonarsa. Duk da haka shawararmu ita ce a kira ma'aikaci ya gani da idonsa tun saiwa da karaya suna nan yadda iska ta bar su. In an riga an daddatsa, da me za ka nuna cewa ba kai ka kayar ba? Masu waya su ɗauki hoto.

Yanzu ga aikin kansa. Mutane suna ɗauka itacen da ya kwanta ya gama ɓarna, alhali nauyinsa yana nan, ya dai jingina ne a kan wasu rassa. Reshen da ya lanƙwashe a ƙarƙashi kamar baka ne da aka ɗana, kana datse shi zai zabura ya doki ƙafa ko fuska. Saboda haka a fara daga ƙarshen itace, a kwashe ƙananan rassa da ƙaya, a share wurin tsayawa da hanyar gudu, sannan a riƙa matsowa wajen gindi. Rassan da suka tokare ƙasa su ne na ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, bayan an tallafe gangar jikin da guntaye don kada ya mirgina. Kada mutum biyu su yi sara a ɓangarori biyu lokaci guda. A bubbuga kogo tukuna, maciji da kunama da ƙudan zuma duk can suke fakewa.

Mai injin zarto, wanda sau da yawa kuɗin 'yan ci-rani ne ke biyan hayarsa, ya duba yadda gungume ya kwanta. In bakinsa biyu suna kan ƙasa, tsakiya na reto, sama ce za ta matse zarto: a ɗan tsaga sama, a ƙarasa ta ƙasa. In kuwa baki ɗaya ne ke lilo a iska, a fara ta ƙasa, a ƙarasa ta sama.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne itacen da ya tuge da saiwarsa. Tulin ƙasa da saiwa da ya miƙe tsaye, nauyin gangar jiki ne ke riƙe da shi. Da an raba su, yana iya komawa cikin raminsa cikin ƙiftawar ido. Kuma ina yara suka fi son wasa? Cikin wannan ramin. A sa babba guda wanda ba shi da wani aiki sai korar yara.

Batun jigila ma da lissafi. Ɗanyen gungume mai kaurin mita 1 da tsawon mita 1 yana iya haura kilo 500, ga yashin jigawarmu da ke cinye taya. Jaki ba zai iya ba, shanu ma zalunci ne a ɗora musu biyu. A faskara a wurin, da gatari da ƙarfe da guduma, a yi sawu da yawa. Wanda dole a ɗauka ɗungurungum, a mirgina shi bisa sanduna da igiya, masu ja suna ta sama, babu kowa a ƙasa, a daidaita shi saitin taya, a ɗaure. Idan hatsi yana tsaye, a kwashe rassa a ka, a bar gangar jikin sai bayan kaka. Amalanke ɗaya cikin geron maƙwabci ya isa ya kai ku gaban mai gari.

Kuma ba duka ne na murhu ba. Lafiyayyen gindin gawo, masassaƙi zai fitar da turmi ko komin shayar da dabbobi, wanda ya fi icce daraja. Kuka kuwa kada a wahalar da gayya, cikinta kamar soso yake, ba ta garwashi, ɓawonta kawai za a ɓare a yi igiya. Iccen gawo da aka faskara a jera shi bisa duwatsu ko sanduna, kada ya taɓa ƙasa, domin gara da ƙwari suna saurin shigarsa, kuma a fara ƙona shi kafin na tsamiya.