Yadda Za Ka Gane Amintaccen Mai Haɗa Wutar Sola Kafin Ka Miƙa Kuɗin Amfanin Gonarka

Gabatarwa

Ɗan'uwa manomi, idan ka ratsa unguwar Sabon Layi a cikin garin Mubi, ko Lokuwa, ko Kolere, ko Yelwa, ka ɗaga kai ka dubi rufin gidaje da shaguna, za ka ga farantan sola a wuraren da a da babu su. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Wutar da kamfanin rarraba lantarki na Yola ke kawowa ba kullum take tsayawa ba. Janareta kuwa ya zama sai mai hali tun da Gwamnatin Tarayya ta janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin wannan rana ta haura naira 1,000 a wurare da dama a ƙarshen 2024.

Ga manomi, amfanin wutar sola bai tsaya ga haska ɗaki da cajin waya ba. Mai kiwon kaji yana bukatar firji domin maganin rigakafi, wanda ake ajiyewa a sanyin digiri 2 zuwa 8. Mai na'urar ƙyanƙyasa yana bukatar ɗumi marar yankewa har kwana 21. Mai lambu a gaɓar kogin Yadzaram yana son famfon da ba ya shan mai. Amma kuɗin da za a kashe ba kaɗan ba ne. Sau da yawa kuɗin masara ne da gyaɗa da wake na damina guda, ko kuɗin bijimin da aka yi watanni ana turkarsa kafin a kai shi kasuwar shanu ta Mubi. Idan aikin ya faɗa hannun wanda bai iya ba, ko wanda ba ya tsoron Allah, wahalar shekara ce ta tafi a banza. Wannan bayani zai nuna maka hanyoyin gwada mai haɗa sola kafin ka amince masa.

1. Shin ya yi lissafin bukatarka?

Alama ta farko ita ce tambaya. Ƙwararre ba zai yanka maka farashi ba sai ya zo gidanka, ya ga kayan wutar da kake da su, ya kuma tambaye ka awa nawa kowanne ke aiki a rana. Wanda ya faɗi kuɗi ta waya ba tare da ya ga gidan ba, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Lissafin ba mai wuya ba ne, kai ma kana iya yin sa. Ana auna ƙarfin kowane kayan wuta da wat, kuma a rubuce yake a jikinsa. Idan ka ninka wat da yawan awoyin aiki, ka sami abin da yake ci a rana, wato wat-awa. Ga misali na matsakaicin gida:

Ƙwan fitila 6, kowanne wat 10, awa 5: wat-awa 300
Fanka 2, kowace wat 60, awa 8: wat-awa 960
Talabijin 1, wat 60, awa 4: wat-awa 240
Cajin waya 4, kowace wat 10, awa 2: wat-awa 80
Ƙaramin firji, a ƙiyasce: wat-awa 1,000
Jimla: wat-awa 2,580

Sai a ƙara kashi 30 cikin 100 saboda wutar da ke salwanta a cikin waya da batir da inbata, da kuma wadda zafi da ƙura ke ragewa. Jimlar ta zama kimanin 3,350. A yankinmu ana lissafi da awa 5 na cikakkiyar rana a kowace yini. Idan ka raba 3,350 gida 5, za ka sami wat 670. Ke nan wannan gida yana bukatar faranti 2 masu wat 400 kowanne. Duk wanda ya ce maka faranti ɗaya mai wat 300 zai riƙe waɗannan kaya, to ka sani abin da zai ba ka bai kai rabin bukatarka ba.

Haka ma batir. Batir mai ruwa na bolt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabi kawai ya kamata a riƙa sha, wato 1,200. Idan ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, ba zai yi ƙarko ba. Gidan da ke cin wat-awa 1,800 da dare yana bukatar irin wannan batir guda 2. Batirin litiyom kuwa ana iya shan kashi 80 cikin 100 nasa ko fiye, kuma ya fi daɗewa, sai dai ya fi tsada. Ka kuma tambaye shi girman inbata. Firji da famfon ruwa sukan ja wuta ninki 3 ko fiye a lokacin da za su tashi. Idan bai ambaci wannan ba, akwai saura a iliminsa.

2. Takardu da shaidar aiki

Tambayar takarda ba cin fuska ba ce. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa da dokar 2015, ita ce ke ba masu aikin haɗa wutar lantarki takardar shaidar ƙwarewa a Nijeriya. Idan kamfani ne ko shago, ka nemi ganin rajistarsa ta Hukumar CAC mai yi wa kamfanoni rajista. Ka tambaye shi inda ya koyi aikin: a makaranta ne, kamar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Mubi, ko a hannun wani maigida? Idan a hannun maigida ne, wane ne shi, kuma shekara nawa ya yi a ƙarƙashinsa?

Sai dai takarda kaɗai ba ta isa ba, domin gani ya kori ji. Ka ce ya nuna maka gidaje 3 da ya yi wa aiki, waɗanda suka yi aƙalla shekara guda. Sabon aiki kowa nasa yana kyau. Aikin da ya ga zafin bazara da iskar farkon damina da hazon hunturu shi ne shaida. Ka je ba tare da shi ba, ka yi wa masu gidan waɗannan tambayoyi:

(a) Wutar tana kai ku asuba, ko tana ɗaukewa da tsakar dare?
(b) An taɓa sauya batir? Bayan wata nawa?
(c) Rufin ya fara yoyo a inda aka kafa farantan?
(d) Da kuka kira shi a kan matsala, ya zo? Bayan kwana nawa?

Tambaya ta ƙarshe ta fi sauran nauyi. Mubi gari ne na kasuwa da ke kusa da iyakar Kamaru, baƙi suna shiga suna fita kullum. Mai shago tsayayye, wanda mai unguwa da maƙwabta suka san shi, ya fi wanda lambar waya kaɗai ka sani a kansa.

3. Duba kayan da idonka

Yawancin kayan sola daga waje ake shigo da su, musamman daga ƙasar Sin. A cikinsu akwai nagari, akwai jabu, akwai kuma tsofaffin da aka goge aka mayar cikin kwali. Hukumar SON ce ke da alhakin sa ido a kan ingancin kayan da ake shigowa da su, amma kai ne mai tsaro na ƙarshe a ƙofar gidanka.

Faranti: A bayan kowane faranti akwai takardar da ke nuna sunan kamfani, da yawan wat, da bolt, da lambarsa ta musamman. Ka ƙi wanda aka kankare takardarsa ko aka manna wata a kanta, da mai tsagaggen gilashi, da wanda launinsa ya fara ƙonewa. Ka sa a auna shi da mita a gabanka da tsakar rana, a gwada da abin da aka rubuta.

Batir: Ka duba ranar da aka ƙera shi, domin batir yana lalacewa ko a ajiye yake. Batir mai ruwa na amfiya-awa 200 yana da nauyin kilo 55 zuwa 65. Idan ka ga yaro ɗaya ya sunkuce shi ba da wahala ba, dalmar cikinsa ba ta cika ba.

Waya: Ka sa a yanke bakinta ka duba. Tagulla ta gaskiya ja ce ciki da waje. Idan cikinta fari ne, sanholo ne aka shafa wa tagulla. Siririyar waya ko marar kyau tana ɗaukar zafi, tana cinye wuta, kuma tana iya jawo gobara.

Na'urar daidaita caji: Ita ce ke tsakanin faranti da batir. Iri biyu ne, PWM da MPPT. Ta biyun ta fi tsada, amma ta fi tatso wuta daga faranti. Ka tabbata wadda ka biya kuɗinta ita aka kawo.

4. Lura da yadda yake aiki

Ranar aiki kada ka tafi gona ka bar gida. Mubi tana kimanin digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka farantan su fuskanci kudu, a ɗan karkace kamar digiri 10 zuwa 15, yadda ruwan sama zai riƙa wanke su. Kada inuwar darbejiya ko mangwaro ko tankin ruwa ta faɗa kansu daga hantsi zuwa la'asar, domin inuwa a kan kusurwa ɗaya tana rage wutar farantin gaba ɗaya. A bar sarari tsakanin faranti da kwano domin iska ta ratsa. A zafin digiri 25 ake auna ƙarfin faranti a masana'anta, kuma duk digirin da ya ƙaru yana rage masa kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. A watannin Maris da Afrilu wannan ragi ba ƙarami ba ne.

A ɗaure ƙarafan a jikin katakon rufi, ba a jikin kwano kaɗai ba, saboda guguwar farkon damina. A toshe duk hudar da aka yi. A sa fis ko makatsar wuta tsakanin faranti da na'urar caji, da kuma tsakanin batir da inbata. A binne ƙarfen da ke kai wuta ƙasa saboda tsawa. Batir kuwa a ajiye shi a wuri mai sanyi da iska, nesa da murhu da yara. Zafi yana gajarta rayuwarsa, kuma mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta idan yana caji, don haka kada a sa shi a ɗakin kwana.

Kafin ya tafi, ya koya maka karanta lambobin inbata, da wanke faranti da ruwa da tsumma mai laushi da sassafe, musamman lokacin hunturu. Ya kuma nuna maka yadda ake ƙara tataccen ruwan batir. Ruwan rijiya yana kashe batir.

5. Yarjejeniya da biyan kuɗi

Tun ran gini, ran zane. A rubuta yarjejeniya a gaban shaidu 2, ta ƙunshi sunan kowane kaya da girmansa da lambarsa da farashinsa, kuɗin aiki daban, da ranar gamawa. A rubuta garantin kowane kaya da wanda zai ɗauki nauyin sauyawa. Manyan kamfanoni sukan ba faranti garantin shekara 25 a kan ƙarfin wutarsa, amma na batir da inbata gajere ne ƙwarai. Kada a ruɗe ka da shekara 25 ɗin nan, ka ɗauka ta shafi komai.

Kada ka biya duka a karo ɗaya. Ka biya kuɗin kaya idan sun iso ka duba su, ka ba da wani kaso na kuɗin aiki idan an gama, ka riƙe ragowar har sai wutar ta yi mako guda tana kai ku asuba. Ka karɓi rasit, ka adana. Ka nemi farashi daga mutum 3, kuma idan na ɗaya ya faɗi ƙasa da sauran nesa, ka tuna araha ba ta ado. Idan saɓani ya taso, a fara da shaidu da mai unguwa. Idan abin ya faskara, Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar ƙorafi, kuma takardarka ce hujjarka.

Ga malamin gona

Malam, manoma sun saba tambayarka game da iri da taki, yanzu kuma za su tambaye ka game da sola. Ka koya wa ƙungiyoyin manoma lissafin da ke sama a lokacin taro. Ka riƙa rubuta sunayen masu haɗa sola da manoman yankinka suka gwada, da yadda aikin kowanne ya kasance bayan shekara guda. Ka shawarci ƙungiya ta haɗa kuɗi ta sayi mita ɗaya ta awon wuta, ta kuma yi ciniki a dunƙule, domin mai aiki ya fi jin nauyin mutum 20 a kan mutum ɗaya. Kada ka manta da mata masu kiwon kaji da masu sayar da ƙanƙara da kunun aya, domin su ma suna sa jarinsu a wannan harka. Ka kuma kiyaye mutuncinka, kada ka karɓi la'ada daga mai sayar da kaya.

Kammalawa

Ɗan'uwa manomi, ba ka sayen sa sai ka duba haƙoransa, ba ka sayen iri sai ka san inda ya fito. Ka yi wa mai haɗa sola irin wannan bincike. Ka yi lissafinka, ka ziyarci tsofaffin ayyukansa, ka duba kaya da idonka, ka tsaya a kan aikin, ka rubuta yarjejeniya, sannan ka biya kashi-kashi. Mai gaskiya ba zai ji haushin tambayoyinka ba. Wanda ya fusata ko ya shiga gaggauta ka, ka bar shi ka nemi wani. Domin ƙarin bayani, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai, ko ofishin shiyya na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Adamawa da ke Mubi.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.