Kada Garin Gyaran Gira A Rasa Ido: Hattara Da Goge Manhajoji Barkatai

Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, wayar hannu ta ɗauki nauyin da ba ta taɓa ɗauka ba a garuruwanmu na Jazira, Sinnar da Nilul Azraƙ. Daga Mai Wurno zuwa Sinja, daga ƙauyukan Hasahisa zuwa Damazin, da ita ake karɓar kuɗin da 'yan'uwa ke aikowa ta manhajar banki ta Bankak, musamman bayan canjin takardun fam 500 da 1000 a ƙarshen 2024, lokacin da tsabar kuɗi ta yi wuya. A cikinta ake ajiye hoton katin shaida, da takardar gona, da lambobin dangin da suka watsu zuwa Gadarif, Kasala, Masar da Saudiyya. Duk abin da zai taɓa lafiyar waya yanzu ya taɓa tukunyar gida.

Akwai wata hanyar gyara da ta yaɗu a hannun samari masu gyaran waya da ɗalibai, wadda ya kamata kowa ya san amfaninta da haɗarinta: goge manhajoji masu yawa a lokaci guda ta hanyar rubuta umarni a kwamfuta.

Yadda ake yin abin

Wayoyi irin su Tecno, Infinix, Itel da Samsung suna zuwa da manhajojin da kamfani ya dasa tun daga masana'anta. Wasu ba ka buƙatarsu, suna cin data da caji, kuma wayar ba ta ba ka damar cire su da yatsa. To akwai wata manhaja ta kamfanin Google mai suna ADB, wadda aka yi domin masu ƙera manhajoji. Mai gyara zai taɓa lambar ginin wayar sau bakwai a cikin saiti, ya buɗe ɓoyayyen sashen masu ƙira, ya kunna izinin sarrafa waya ta kebul, ya jona ta da kwamfuta. Daga nan sai baƙin allo da rubutu. Layi ɗaya irin wannan yana cire manhaja ɗaya:

adb shell pm uninstall --user 0 sunan.manhaja

Idan aka jera sunaye hamsin ko ɗari a fayil guda, kafin ka shanye kofin shayi duk sun tafi. A nan ne matsalar take. Lokacin da kake gogewa da yatsa, waya tana nuna maka hoton manhajar da sunanta, ta tambaye ka ko ka tabbata. Layin umarni ba ya nuna hoto, kuma ADB ba ya tambaya. Abin da aka rubuta shi yake aikatawa.

Sunayen kuma ba irin waɗanda ka saba gani ba ne. Wanda bai sani ba zai ga com.android.providers.telephony ya ɗauka tarkace ne, alhali shi ke riƙe da saƙonnin tes. Idan ya tafi, lambar tabbatarwa da banki ke turowa ba za ta ƙara samun masauki ba. Haka com.android.providers.contacts, ma'ajiyar lambobin mutane ce. In aka cire com.android.systemui, wayar na iya kasa kammala kunnuwa, ta yi ta mutuwa tana tashi. Sau da yawa mafita ɗaya ke rage: a mayar da ita yadda ta fito daga kamfani, wato a share hotuna, saƙonni da duk abin da ke ciki.

Mafi yawan masu yin wannan ba su suka tsara jerin sunayen ba. Kwafo shi suke yi daga intanet, wanda wani ya rubuta don wata waya daban a wata ƙasa daban. Abin da babu laifi a cire shi a Samsung na iya zama ginshiƙi a Tecno.

Ga wani abin da ba a cika faɗa wa mai waya ba. Manhajar da ta zo daga masana'anta, wannan umarni ba ya fitar da ita daga cikin wayar ɗungurungum. Ɓoye ta yake yi daga mai amfani, asalin fayil ɗinta yana nan a sashen tsarin waya. Saboda haka wurin ajiyar da ake samu kaɗan ne. In cikar waya ce damuwarka, bidiyoyin da suka taru daga rukunonin WhatsApp su ne kan gaba wajen cinye wuri, kuma su da yatsa ake share su.

Masu kwamfuta ma ba su tsira ba

Ɗaliban Jami'ar Jazira ko ta Sinnar da suka sa Ubuntu a tsohuwar kwamfuta domin ta yi sauri, su ma su saurara. A tsarin Linux irin su Ubuntu manhajoji sun dogara da juna. Duk manomin Jazira ya san in aka toshe babbar tur'a, wato magudanar ruwa, ruwa ba zai kai ƙaramar magudanar abu ishirin ba, balle ta abu sitta, gonakin da ke ƙasa duka za su bushe. Haka abin yake a nan. Wanda ya rubuta apt remove python3 a Ubuntu don yana ganin ba ya amfani da Python, zai ga umarnin ya ja tarin manhajoji ya tafi da su, har da waɗanda ke nuna allon aiki.

Alamar tauraro, wadda ake sawa don a kama sunaye da yawa a tashi ɗaya, ita ma ta sha yin ɓarna. A tsofaffin nau'o'in apt-get, wanda ya rubuta wine da tauraro a ƙarshe yana nufin manhajar Wine kaɗai, amma sai umarnin ya kamo duk wani suna mai ɗauke da harufan win a ko'ina cikinsa. Ƙara -y a layin kuwa yana nufin ka amsa “na yarda” tun kafin a tambaye ka.

Ko gwanaye na faɗawa. A 2021 Linus Sebastian, mai shahararren shirin fasaha a YouTube daga Kanada, ya so ya sa manhajar wasanni ta Steam a tsarin Pop!_OS. Kwamfutar ta jero masa muhimman manhajojin da za ta cire, ta nemi ya rubuta jimlar amincewa da hannunsa. Ya rubuta bai karanta jerin ba, allon aikinsa ya tafi a gaban kyamara. Bayan haka masu kula da apt suka ƙara tsaurara wannan mataki. A Windows ma, umarnin PowerShell da ke haɗa Get-AppxPackage da Remove-AppxPackage ba tare da an ambaci suna ba yana iya kwashe har da kantin Microsoft Store, wanda ta cikinsa ake dawo da sauran.

Dalilin da ya sa namu ya fi tsanani

Mutumin da ke da wuta da intanet dare da rana, in ya yi irin wannan kuskure, sa'a guda ta ishe shi ya sake saukar da komai. Mu kuwa mun ga watan Fabrairun 2024, lokacin da layukan Zain, MTN da Sudani suka ɗauke a kusan duk ƙasar, mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink. Har yanzu a wurare da yawa sabis yana zuwa yana tafiya, caji kuma sai da hasken rana. Gogewa ba ta buƙatar intanet, dawowa kuwa sau da yawa tana buƙata.

Akwai kuma wata al'ada da muka gada daga shekarun takunkumin Amurka na 1997 zuwa 2017, lokacin da samun manhajoji daga kantunan kamfanonin Amurka ke da wuya: karɓar manhaja daga wayar wani ta Xender ko SHAREit. Wanda aka goge masa manhajar banki, ga shi babu data, zai karɓi kowace aka miƙo masa. Ta wannan ƙofa manhajar jabu ke shigowa, ta kwashe lambar sirri.

Abin da ya kamata mai waya ya yi

1. Kafin ka miƙa waya, ka kwafe hotuna da takardu zuwa katin ajiya ko wata waya, ka rubuta muhimman lambobi a littafi.
2. Ka tambayi mai gyara: “Malam, me da me za ka cire?” Ka nemi ya nuna maka jerin, ka tsaya a wurin har ya gama.
3. Kada ka ba kowa lambar sirrin Bankak ko ta imel ɗinka. Wannan aiki ba ya buƙatarsu.
4. Kafin ka bar shagon, ka gwada kira, saƙon tes, kyamara, WhatsApp da manhajar banki, sannan ka kashe wayar ka sake kunnawa.
5. Ka tabbatar an kashe izinin sarrafawa ta kebul, an kuma soke amincewar da aka ba kwamfutar shagon.

Abin da ya kamata mai gyara ya yi

1. Ka fara da pm list packages, ka adana jerin a fayil domin ka san abin da ke nan tun farko.
2. Ka fifita dakatarwa da pm disable-user a kan cirewa, domin pm enable na farfaɗo da ita nan take.
3. Manhajar masana'anta da aka cire ana dawo da ita da cmd package install-existing, ba tare da intanet ba, muddin wayar na kunnuwa kuma kwamfuta na ganinta.
4. Ka riƙa cire biyar-biyar kana sake kunna wayar. In matsala ta taso, za ka san inda ta fito.
5. A Linux, ka sa -s a umarnin apt-get domin ya nuna abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba. In ɓarna ta riga ta auku, fayil ɗin /var/log/apt/history.log na riƙe da sunayen duk abin da aka cire.
6. Sunan da ba ka san aikinsa ba, ka bar shi.

Layin umarni kayan aiki ne mai kyau, kuma samarinmu da suka koye shi da kansu cikin wannan hali sun cancanci yabo. Sai dai wayar da dattijuwa ta miƙo maka amana ce, wataƙila ita ce kaɗai hanyar da ɗanta ke aiko mata da na cefane. Karanta jerin sunaye kafin danna maɓalli ba ya wuce minti biyar. Wanda ba shi da waɗannan mintuna, ya mayar wa mai ita wayarta yadda ya karɓa.